Ango Ya Ƙi Rawa

Yayata Hanne ta ce ba za ta bar Ajingi ba sai an kawo mata hoton Ango yana rawa.

Ango gauraka ne. Marigayi mijinta ya tsinto shi a fadama da karyayyen fiffike, ya ɗaure masa da kara da zare har ƙashin ya kama, amma bai ƙara tashi sama ba. Tun daga nan yake tsakar gidanta, yana takawa a hankali kamar shi ya gina gidan, da tukkunsa mai ruwan zinariya a ka. Wata safiyar, in ransa ya so, sai ya buɗe fikafikai ya yi ta tsalle yana rusunawa yana juyi. Wannan ita ce rawar da Yaya take nufi.

Ni Maiwada a Gaya nake zaune. Noma na gada, a cikinsa na tsufa, kuma ban taɓa ɗaukar hoto a bakin komai ba. Ciwon idonta ne ya shigar da ni maganar. Idon hagu ya riga ya tafi. Na dama kuwa, ita da bakinta ta ce kamar mai leƙe ta hudar zana take gani, hudar kuma kullum tsukewa take yi. Babban ɗanta Saifuddeen ya kai ta wajen likita a Kano. Likita ya ce abin da ya tafi ba zai dawo ba, amma wanda ya rage ana iya tare shi in an yi aiki da wuri, ta kuma zauna kusa da asibiti. Saifuddeen ya gyara mata ɗaki a gidan da yake haya, a saman bene, inda babu tsakar gida balle wurin gauraka. Da ta ƙi tafiya, ni ya kira a waya ya ce, "Kawu, ka yi mata magana."

Na hau mashin na je. Na same ta a kan tabarma a gindin darbejiya tana ɓare gyaɗa da lalube.

Na ce, "Yaya, ido fa ake magana. Tsuntsu ne zai hana ki magani?"

Ta ce, "Maiwada, a bayana ka yi wayo. Kada ka ɗaga min murya a gidana."

Na sassauta. Shekaruna sun haura saba'in, amma in ta yi wannan muryar sai in ji kamar yanzu za ta aike ni ɗebo ruwa.

Ta ce, "Ban ce ba zan je ba. Rabon da in ga rawarsa sosai har na manta. Inuwa nake gani tana motsi, in ji iskar fiffike a fuskata. A ba ni shi a takarda, babba, in riƙa matso da ita kusa da idona ina binta kaɗan-kaɗan. In an yi aikin nan ba a dace ba, na san dai na gan shi kafin a rufe."

Na miƙe na yi mata sallama. Na koma Gaya na nemi Muhsina.

Muhsina jikata ce, 'yar babban ɗana. Da ta gama makaranta sai ta kama wata sana'a da ban taɓa jin irinta ba, wai ɗaukar hoton dabbobi. Samarin Gaya masu kiwon tattabaru suna kiranta, masu kiwon ragunan layya suna kiranta, har wata matar ɗan kasuwa ta sa ta ɗauki kyanwarta a kan kujera. Su kuma su sa a waya, wasu don ciniki, wasu don a san suna da shi. Na yi faɗa a farko. Da na ga ba ta roƙon kowa, kuma da mutuncinta take fita take dawowa, sai na yi shiru.

Ta ce, "Kai tsoho, yau kai ne da neman mai hoto? Ko wata ka samu a Kademi za a aika mata?"

Na ce, "Ɗauko kayanki, ba wasa ya kawo ni ba."

Kyamararta a lokacin wata baƙa ce mai nauyi, in ta rataya ta sai wuyanta ya karkace. Duk sanda ta danna sai ta yi ƙara, ƙaras, kamar an karya busasshen kara. Muka je Ajingi da sassafe. Muka yi sa'a kuwa, rana tana ɗagowa Ango ya fito tsakiyar gida, ya miƙa wuya, ya fara buɗe fiffike ɗaya. Muhsina ta durƙusa ta danna. Ƙaras. Ango ya naɗe fiffiken, ya dube ta da ido ɗaya, ya juya ya shige bayan rumbu. Washegari ma haka. Abin da muka samu shi ne hoton jela, da hoton dogayen ƙafafu suna gudu, da wani guda na fuska yana harara.

Na ce, "Wannan abin naki ba ya iya aiki sai ya yi tari?"

Ta ce, "Madubi ne a ciki, Kaka. In na danna sai ya ɗaga ya ba haske hanya, sannan ya faɗo. Faɗowar ce kake ji. Akwai sababbi marasa madubi, su ba sa ko numfashi. Na daɗe ina so in canza, tattabaru ma haka suke watse min."

Ta tafi Kano ta bayar da tsohuwar, ta cika abin da ta tara, ta dawo da wata 'yar ƙarama da ba ta kai rabin waccan ba. Na juya ta a hannuna na ji ba nauyi. Na fara yi mata faɗa, na ce an ga mace an cuce ta, an karɓi babba an ba ta ƙarama, kuma da ta yi shawara da manya da ba a yi haka ba. Ina cikin faɗan ta juyo min da bayan abin. Sai ga ni a ciki, baki buɗe, yatsa a sama, goro a haƙori.

Na ce, "Yaushe?"

Ta ce, "Tun kana kan 'an ga mace'. Ka yi kyau fa, angona."

Ta nuna min wani abin kuma. Ta saita ta kan wata kaza da ke tono a ƙofar gida, sai wani ɗan koren akwati ya fito ya zauna a kan idon kazar. Kaza ta yi gabas ya bi ta, ta sunkuya ya sunkuya. Na ce a'uzu billahi. Ta yi dariya ta ce ai haka aka yi ta, idon dabba take nema da kanta.

Muhsina ta tare a Ajingi wajen Yaya. Ni kuma kullum in na idar da asuba sai ɗan acaɓa ya kawo ni. A hanya na yi tunanina na gama: ƙara ce ta kori tsuntsun nan, yanzu kyamara ta yi shiru, saura mutanen gida. Muhsina ma ta ce masu ɗaukar tsuntsaye a daji ko tari ba sa yi. To, sai na kafa doka. Na sa aka kashe rediyo. Na sa aka kai akuya da 'ya'yanta gidan maƙwabta. Guga ma na ce a riƙa saukar da shi rijiya a hankali. Sannan na juya kan Kubura, matar ƙaramin ɗan Yaya wanda yake ci-rani a kudu. Ita take zaune da Yaya, sana'arta fura, kullum da safe tana bakin turmi.

Na ce, "Daga yau ba daka a gidan nan sai an ɗauki hoto."

Ta ce, "Kawu, masu nono fa da hantsi suke zuwa."

Na ce, "Ki kai inji."

"Furar inji ba ta ƙamshi, Kawu."

"To ki kai turmin can ƙarshen layi. Idon uwar mijinki ya fi fura."

Ta sunkuyar da kai ta ce to. Aka mirgina turmi aka fitar.

Ban taɓa zama a gidan da ya yi shiru irin haka ba. Damina ta ja baya, an yanke gero, raɓa tana kwana a kan dangar kara. Mukan zauna mu uku a kan tabarma, Yaya a tsakiya, ba mai cewa uffan. Haske yakan sauko daga saman darbejiya a hankali, ya taɓa bakin rumbu, ya gangaro kan randa, ya kwanta a ƙasa. Har faɗuwar ganye ana ji. Wani lokaci in ga kamar gidan gaba ɗaya yana cikin ruwa, mu kuma muna zaune a ƙarƙashi muna jiran wani ya leƙo. Gyangyaɗi yakan ɗauke ni, in ga mahaifiyarmu tana ratsa tsakar gidan da ƙwarya a ka, ba ta taka ƙasa, in farka in tarar hayaƙin murhu ne.

Ango kuwa ya tsaya a gindin katanga da ƙafa ɗaya, ya cusa baki a cikin gashin ƙirjinsa. In an watsa masa dawa ya tsinci kaɗan ya koma. Muhsina tana ta ɗaukarsa, ba ya ko motsi. Hotunan sun fito tas, ana ƙirga silin tukkunsa, amma tsuntsu ne a tsaye kamar mai zaman makoki.

Ta nuna wa Yaya ɗaya. Yaya ta matso da shi har hancinta ya taɓa gilashin, ta daɗe, ta ce, "Wannan ba shi ba ne. Wannan irina ne."

Na ƙara tsananta doka. Na hana sallama da ƙarfi. Mai tallan ƙosai ma na tare ta a zaure na ce ta zagaya.

Saifuddeen yana ta kira. Ya ce likita ya sa rana ta wuce, ya sake sa wata, kuma ya ce kowane jinkiri da abin da yake ci. Na fita waje na ce masa ya ƙara haƙuri. Da na dawo sai Yaya ta jawo hannun rigata, ta yi magana ƙasa-ƙasa don kada ta karya min doka.

Ta ce, "Da can in na dubi ƙofar ɗakina ina ganin ta duka. Yau sai na zaɓa, ko sama ko ƙasa."

Na ce, "Yaya, mu tafi haka nan. Muhsina ta biyo mu da hoton."

Ta ce, "In ya zo bayan an rufe, wa zai gani? Kai?"

Ranar da abin ya faru, tayar mashin ce ta yi faci bayan mun bar Gaya. Muka tura har wajen mai faci, shi kuma bai fito ba tukuna. Da na ga rana tana ɗagawa sai na bar ɗan acaɓan na tari wani mai a-daidaita-sahu da ya ɗauko buhunan gyaɗa, ya sauke ni a bakin kasuwa, na ƙarasa da ƙafa. Tun daga kan kwana na jiyo shi. Daka ake yi, kuma ba daka kawai ba, lugude, taɓarya biyu, ana jefawa sama ana tafawa ana cafewa. Daga gidan Yaya yake fitowa.

Ashe da Kubura ta ga hantsi ya yi ban zo ba, ta ɗauka ba zan zo ba. Ta gaji da jan turmi zuwa ƙarshen layi, ta kira maƙwabciyarta Baiwa suka mirgino shi gida, suka ce bari su yi maza su gama.

Na shiga ko sallama ban yi ba, sandata a sama. Na buɗe baki zan ce "Kubura", sai Yaya ta ɗaga hannu daga kan tabarma.

Ta ce, "Maiwada, rufe min baki. Iska nake ji."

Na juya. Ango yana tsakiyar gida. Ya sauke ƙafar da ya naɗe, wuyansa yana sauka yana tashi daidai da faɗuwar taɓarya. Kubura ta gan ni ta tsaya cak, taɓarya a hannu. Tana tsayawa shi ma ya tsaya.

Muhsina ta ce, "Anti Kubura, don Allah ci gaba! Ci gaba!"

Kubura ta dube ni. Na sauke sandar na ce, "Ki daka mana, me kike kallo?"

Duk shekarun nan ba wanda ya taɓa haɗa rawar tsuntsun nan da turmi, don ba a taɓa wayar gari a gidan ba a yi daka ba.

Taɓarya ta faɗa, ta biyu ta bi ta, tafi ya shiga tsakani. Ango ya rusuna har bakinsa ya kusa taɓa ƙasa. Ya buɗe fikafikan gaba ɗaya, fari fat da ja-ja a gefe, wanda ya taɓa karyewa ya ɗan fi ɗayan sauka. Ya yi tsalle. Ban san tsuntsu mai wannan girman yana iya rashin nauyi haka ba. Ya tashi kamar an ɗaga shi da zare, ya tsaya a iska, ƙafafu a sake, sannan ya sauko ba ƙara. Ya tsinci wani karan gero ya jefa sama, ya bi shi da tsalle. Garin gero yana tashi daga turmi, rana tana ratsa shi, tsuntsun yana shiga cikinsa yana fita.

Muhsina ta durƙusa, kyamara a ido, yatsa a kan madanni.

Yaya ta ce, "Me yake yi? Ku faɗa min. Fari nake gani yana wucewa, in na bi shi sai ya ɓace. Maiwada, me yake yi?"

Na ce, "Tsalle yake yi, Yaya."

"Wane irin tsalle? Kai ba ka iya ba da labari ba, tun kana yaro."

Sai na ga Muhsina ta sauke kyamarar daga fuskarta. Ta dubi tsuntsun, ta dubi Yaya. Ta ja gwiwa ta koma bayanta, ta zagayo da hannuwa ta kafaɗunta, ta ɗora ɗan ramin leƙen a kan idon daman.

Ta ce, "Hajiya, leƙa nan. Ba gilashi ba ne kamar na tsohuwar, ɗan talabijin ne a ciki. Bari in ƙara miki haske. In ya fito sosai ki ce min."

Ta murɗa wani abu, tsuntsun ya ƙanƙance har ya shiga ramin duka. Ta murɗa wani a gefe. Yaya ta kama kyamarar da hannu biyu ta rufe ta ruf, har da wajen dannawar, Muhsina kuma ta riƙe bakin tana bin Ango da shi.

Yaya ta ƙara manna idonta. Can ta ce, "Tsaya. Tsaya nan."

Sannan ta ce, a hankali, "La ilaha illallahu. Ga shi nan duka. Har ƙafafu."

Ba ta ƙara tambayar kowa komai ba. Ita ta koma ba mu labari, kamar mu ne ba ma gani.

"Ji tukkun nan, kamar an kunna masa wuta. Ashe kumatun nan har yanzu da ja a ƙasa. Kai, Ango, ka tsufa, dubi wuyanka. Wane ne ya sa masa koren abu a ido? To, bar shi, ya yi masa kyau. Ga shi zai tashi. Ya tashi! Kubura, ƙara wuta, 'yar nan, kada ki tsaya. Malam, ka ga ɗanka."

Malam shi ne marigayi mijinta.

Kubura da Baiwa suka yi ta daka, gero ya yi laushi ya wuce laushi, zufa tana zuba, ba su tsaya ba. Ni ina tsaye da sanda a hannu, na manta ban zauna ba. Ban san iya lokacin da aka ɗauka ba. Na dai san inuwar darbejiya ta janye daga kan tabarma ta bar su a rana, ba wadda ta motsa.

Sai Yaya ta ce, "Ya yi duhu."

Muhsina ta karɓi kyamarar da sauri ta duba, ta ce, "Batir ne, Hajiya, batir ne ya ƙare! Ba idonki ba ne. Tun asuba take kunne, jiya kuma ba a kawo wuta ba." Ta dafe kai. "Wayyo, ko ɗaya ban ɗauka ba. Hannunki yana kan madannin."

Kubura ta jingine taɓarya. Ango ya karkaɗe jiki, ya taka zuwa bakin randa ya sha ruwa kamar ba shi ba.

Na ce, "Gobe sai a sake. Yanzu mun san kan abin."

Yaya ta rufe idanunta duka biyu, ta jingina da ƙirjin Muhsina. Ta ce, "Kira min Saifuddeen. Ka ce ya zo yau."

"Hoton fa?"

"Ta ɗauka wata rana ta ba ka, ka rataya. Ni na gani."

Bayan azahar motar Saifuddeen ta iso. Har lokacin Yaya ba ta buɗe ido ba. Da lalube ta yi alwala, da lalube ta nuna wa Kubura kayan da za a sa mata a jaka. Ta ce a riƙa jiƙa wa Ango dawa saboda bakinsa ya fara gajiya, kuma kada wani ya ƙara fitar da turmi daga gidan, ko waye shi. Kubura ta ce to, tana kallon ƙasa, amma na ga tana danne dariya.

Na kama hannun Yaya muka nufi zaure. A bakin dokin ƙofa na ce, "Yaya, buɗe ido ki ga inda za ki taka."

Ta ce, "A'a. Yana nan a ciki tukuna, bai gama sauka ba. Ba na so wani abu ya hau kansa. Kai dai riƙe ni."

Na riƙe ta. Saifuddeen ya buɗe mata ƙofar baya ta motar, ya dube ni yana tambaya da ido, na girgiza masa kai. Na shiga na zauna kusa da ita don su sauke ni a Gaya. Muka bar Ajingi, gonakin dawa suna wucewa ta taga, kawunansu sun yi nauyi sun sunkuya. Da muka iso Gaya Saifuddeen ya rage gudu zai tsaya. Hannunta yana cikin nawa, ba ta sake shi ba.

Ta ce, "Ina muke?"

Na ce, "Gaya."

Ta ce, "To."

Na ce wa Saifuddeen ya wuce kawai.